Zagaye Uku Muka Yi Alkawari

Shekaranjiya na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa a bakin ƙofar ma'aikata cewa aikina, ni Ammi Habu, ko yaron goye zai iya: ka danna kore jirgi ya tashi, ka danna ja ya tsaya. Na ji ka, Faisal. Kunnena na hagu ne ya mutu, na dama yana nan garau, kuma ta dama ka tsaya. Ban yi fushi ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da na fara. Amma tunda mudir, shugaban wurin nan, ya ce bana ku ne za ku tsaya tare da ni a safiyar shiru ta Sallah, gara in rubuta muku abin da na sani. Da Hausa zan rubuta. Wanda ta yi wa nauyi ya kai wa babarsa ta warware masa.

Ranar da na fara zuwa wannan wurin wasa, da ku ba ku san shi da wani suna ba sai malahi, Ammi Salihu ne ke riƙe da jirgin ƙasan yara. Dogon tsoho ne marar yawan magana. Iyayensa da ƙafa suka taso daga ƙasar Katsina, suka yi shekaru a Chadi da Sudan kafin su tsallako nan Makka, shi kuma a hanya aka haife shi. Ya dube ni sama da ƙasa. Bai ba ni makulli ba, tsumma ya miƙo mini da ƙaramar guduma. Wata huɗu na yi ina bin dogo a tsugune, ina share yashin da iska ta zuba, ina ƙwanƙwasa kowace mahaɗa. Mahaɗa mai lafiya tana amsawa da ƙara siririya. Wadda notinta ya saki, sai ka ji ta dushe. Idan na tsallake guda, Ammi Salihu yana zaune can ƙarƙashin rumfa zai ɗago kai ya ce in koma baya, wai bai ji ta goma sha tara ba.

Da ya yarda in zauna a kujerar direba, sai ya fito da wata sabuwa. Yakan cika ɗan kofin gilashi da shayi har baki, ya ajiye shi a kan kujerar tarago na ƙarshe. In tashi jirgi, in zagaya, in shiga kogon roba in fito, in tsaya. Sannan mu taka tare mu duba. Ko ɗigo ɗaya ya gani, sai ya girgiza kai ya ce, "Ka zubar da ɗan mutane." Ya shanye abin da ya rage, ya sake cikawa. Allah ya ji ƙansa, ban san wanda ya sha shayi a kaina kamar wannan bawan Allah ba. Sai da na yi sati shida kafin in kawo masa kofin a cike, kuma abin da ya ce kawai shi ne shayin ya huce.

Akwatin ƙarfen da ke bayan kujerata, wanda kuke ɗora kwalaben ruwanku a kai, shi ne rabin sana'ar. Akwai gwangwanin giris, sifana biyu, burushin ƙarfe, gudumar nan ta Ammi Salihu, da tawul uku. Tawul ɗin ba na goge fuska ba ne. Ranar Makka tana dafa kujerun nan, ko bayan la'asar sai ka jiƙa ka shimfiɗa kafin yaro mai gajeren wando ya zauna. Zafin yana miƙar da ƙarfen dogo ma, shi ya sa kwanar bayan rumfar masu alawa take kuka da rani, kuma shi ya sa nake rage gudu tun kafin in kai ta. Sai usur da nake ratayawa a wuya, da ƙararrawar da nake kaɗawa sau biyu kafin tashi. Waɗannan biyun sun zame mini jiki, har a gida matata ta taɓa kama ni ina laluben igiya kafin in tada mota.

Mutane kuwa na ga iri-iri. Akwai uban da zai bi jirgi da gudu yana ɗaukar hoto har ya yi karo da sanda. Akwai kakar da za ta karanta wa jikanta addu'ar tafiya cikakkiya, ta tofa masa, kamar Madina za shi. Akwai yaron da zai rantse da Allah bai hau ba, alhali sau biyar na sauke shi da hannuna. Duk na iya da su. Yaro mai kuka kuwa, maganinsa ɗaya na sani: ka sure shi, ka ce bismillah, ka dire shi a tarago, ka kaɗa ƙararrawa. Kafin a kai kogo ya manta abin da ya sa shi kuka. Shekara talatin wannan dabara ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Muguwar shekararmu ita ce ta annoba, lokacin da aka rufe ko'ina, har Harami ya zama fili. An kashe wutar malahi gaba ɗaya. Da aka ɗan sassauta fita, na riƙa zuwa sau ɗaya a sati, ba wanda ya aiko ni, don na san ƙafar ƙarfe idan ta daɗe a tsaye cijewa take yi. Babu wuta, sai in saki birki in sa kafaɗa a bayan tarago na ƙarshe in tura jirgin ya zagaya. Na tarar da mage ta haihu a tarago na biyu, haka na riƙa zagayawa da ita da 'ya'yanta huɗu, su kaɗai ne fasinjojina a shekarar. Abokan aiki da yawa sun watse, wasu ba su dawo ba. Ni dai a nan na koyi tura jirgi da hannu a hankali ba tare da ya yi ƙara ba.

Bayan an buɗe da kamar shekara, wata malama ta zo wurin mudir. Ustaza Huda, 'yar unguwar Tandabawi ce, kakanta Bakano, amma Hausarta irin taku ce, tana ɗingishi. Tana koyar da yaran da likitoci ke cewa suna da tawahhud. A rediyon gida na ji ana cewa galahanga. Mu a unguwarmu ta Mansur, in faɗi gaskiya, cewa muke yi aljanu ne, ko kuma iyaye ne ba sa kwaɓa. Ta nemi a ware musu safiya ɗaya, rana ta biyu ta ƙaramar Sallah, kafin a buɗe wa jama'a. Mudir ya tara mu maza masu injuna a ofis, ta yi mana bayani da Larabci. A kashe kiɗa. A kashe fitilu masu walƙiya. Ba usur, ba ƙararrawa, ba dogon layi. A buɗe ɗaki guda mai sanyi, wanda ya gaji ya shiga ya huta. Ta ce ƙarar da mu muke ji kaɗan, wasunsu a cikin ƙashi suke jin ta, haka ma wari da taɓawa. Muka gyaɗa kai. Ni a raina cewa na yi, ashe ranar hutu ce aka ba mu.

Ba wanda ya tuna da matan bakin ƙofa. Inna Ladi, shugabar masu shara da karɓar iyali, abin da aka gaya mata kawai shi ne ana baƙi na musamman ranar biyu ga Sallah. Kun san Inna Ladi. Baƙo ba ya shiga gidanta ya fita bai ɗauki ƙamshi ba, kuma a duk Mansur babu mai guɗa irin tata, har Larabawa suna aiko mata mota idan suna biki. Ta ji an ce baƙi na musamman, kuma yara, kuma Sallah. Ta ɗauko kaskonta na gida, da turaren wutan da ta haɗa da hannunta take ɓoye wa 'ya'yanta, da kwalbar ruwan wardi.

Waɗanda suka fara isowa maƙwabtana ne. Sani mai tsire, wanda ke gashi a bakin titinmu, Larabawa suna layi suna cewa a ba su siriya, shi da matarsa Maryam da ɗansu Yasir. Yasir yana da shekara bakwai a lokacin. Sallah biyu ban ga yaron a waje ba. Sun yi sammako ne don su riga mutane. An sa masa farar riga sabuwa dal, yana tafe a tsakiyarsu, ba ya riƙe hannun kowa, idonsa a ƙasa.

Suna sako ƙafa Inna Ladi ta tare su da fara'a. Ta kai kasko ƙarƙashin haɓar yaron, ta yayyafa masa wardi a kai, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. A wurin da aka kashe duk wani sauti, guɗar nan ta tashi har bayan lilo. Yasir ya zube ƙasa, ya toshe kunnuwa, ya fasa ihu, ya fara buga goshi a daɓe.

Nan nawa laifin ya shigo, kuma ya fi nata, don ni na zauna a ofis na ji bayani. Ƙafata ce ta kai ni kafin kaina ya yi tunani. Na sure shi, na ce bismillah, na ruga na dire shi a tarago na farko, hannuna kuma ya kai kan igiya da kansa ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Yaron ya gantsara mini cizo a dantse, ya yi tsalle ya faɗa kan dogo. Leɓensa ya fashe, jini ya sauka a gaban farar rigar. A daidai lokacin wasu iyalan suka fara shigowa, ma'aikata kuma duk sun baro injunansu sun yi da'ira.

Sani ya ratsa ya ɗauki ɗansa ya saɓa a kafaɗa, yaron yana dukan bayansa. Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gama kallon?" ya ce. "Halas? To mun gode."

Na ce, "Sani, ka yi haƙuri, ni..."

"Ba komai, Baba Habu. Wallahi ba zan sake fito da shi ba."

Na tarar da Inna Ladi a bayan ɗakin shara ta kife kaskon a ƙasa tana kuka. "Ni maraba na yi masa, Habu. Ɗan Maryam ne fa. Ni na yi wa uwarsa wankan jego." Ustaza Huda ta zo ta dafa ta, ta ce laifinta ne da ba ta kira mata ba. Sannan ta juyo kaina, tana duba dantsena.

"Ammi, lesh, don me ka ɗauke shi?"

"Kuka yake yi."

"Ya ce ka ɗauke shi?"

Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Sauran safiyar ta tafi lafiya, iyalai sun hau sun sauka, amma ni kunnena maganar Sani yake ta maimaitawa.

Bayan kwana uku na je wurinsa da yamma, yana fifita garwashi. Ya ba ni kujera, ya yanko mini nama, bai bari na buɗe baki ba.

"Baba, ba fushi nake da kai ba. Ido ne ya ishe ni. A masallaci ido, a asibiti ido, a gidan suna ido. Kowa da maganin da zai ba ni, wannan ya ce ruƙiya, wancan ya ce bulala." Ya juya tsinke. "Ran Sallah yaran unguwa suna wucewa da sababbin kaya za su malahi, shi yana taga. Ban ma sani ba ko ya damu. Ni ne dai nake damuwa."

Na tambaye shi me yaron yake so. Ya yi ɗan murmushi ya ce duk abin da ke juyawa. Murfin tukunya, fanka, tayar keke. Zai wuni yana kallo.

Na ce, "Ina da ƙafafun ƙarfe ashirin. Duk Talata ƙarfe bakwai na safe nake sa musu giris. Ba kowa sai ni da maigadi da maguna."

Ya ce a'a. Na ci namana na tafi. Na dai je na nemi izinin mudir ko da za a dace, ya ce in wani abu ya faru a wuyana. Sati uku bayan nan, ina tsugune da gwangwani, na ga Sani a bakin ƙofa da yaron. Ya ce kada in ɗauka ya canza ra'ayi, Maryam ce ta hana shi sakat a gida.

Aiki mafi wuya da na taɓa yi a wurin nan shi ne na wannan safiyar, kuma aikin shi ne kada in yi komai. Ustaza Huda ta riga ta ja mini kunne. Kada in gaishe shi, kada in shafa kansa, kada in kira sunansa, kada in miƙa masa alawa. Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane nauyin wannan ba. Ɗan maƙwabci ya zo wurinka, kai dattijo, ka yi kamar ba ka gan shi ba! Bakina har ƙaiƙayi yake. Na ci gaba da shafa giris. Yasir ya tsaya a bakin ƙofa minti goma, ya juya, suka tafi. Talata ta biyu ya shigo har gindin shinge. Ta uku na ɗaga tarago na uku a kan jak, na juya ƙafarsa da hannu, na ja baya. Ya zo ya kwanta a ƙasa, kumatunsa a kan siminti, yana kallonta. Idan ta tsaya sai ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, in matso in sake juyawa. Haka muka yi wata biyu, ni da shi, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Ran nan ina goge kan jirgi na waiwaya na gan shi a zaune cikin tarago na uku, kujerar hagu. Ban kunna inji ba. Na saki birki, na zagaya baya na sa kafaɗa, na tura kamar taku goma, na tsaya. Bai sauka ba. Sati na gaba muka kai kwanar masu alawa. Kogon ne ya ba mu wahala, sai da na cire fis ɗin fitilu da na muryar dodon nan mai dariya, na naɗe labulen roba na shiga da na fita don ya hango haske ta ɗaya gefen. Da muka zo kunna inji, Maryam ta aiko da abin toshe kunne, ni kuma na tashi jirgin kamar kofin Ammi Salihu yana baya. Sani duk wannan lokacin bai taɓa tsallako shinge ba. Yana waje, ya harɗe hannu, yana duban hanya ko wani zai shigo. Da lokacin Hajji ya zo ya tafi Arfa aikin girki, Maryam da ƙaninta suka ci gaba da kawo shi, ba a fasa ko Talata ɗaya ba.

Ustaza Huda ta yi mana wani allo ɗan ƙarami mai hoton jirgi guda uku da ake manna su. Yasir zai miƙo mini shi a ƙofa. Duk zagaye ɗaya, idan muka zo tasha, ya ɓare hoto ɗaya. Hotuna suka ƙare, tafiya ta ƙare. Wata Talata abin ya yi daɗi, iska tana kaɗawa, yaron yana karkaɗa hannuwa yadda yake yi in ransa ya yi fari. Muka zo ƙarshen na uku, na ce a raina bari in yi masa gyara. Wa ya taɓa sayen abu a wurin Bahaushe ba a ɗora masa gyara ba? Ubansa ma ba ya naɗe tsire bai ƙara yanka ɗaya ba. Na wuce tasha ban tsaya ba. Ihun da ya yi sai da maigadi ya rugo da gudu. Yana dukan allon da babu sauran hoto, yana neman dira jirgi na tafiya. Sati biyu ko mota ya ƙi shiga.

Na kira Ustaza na gaya mata, ina cewa alheri fa na yi niyya. Ta ce, "Na sani, Ammi. Amma kai ka ce masa uku. Shi duniya duk ba ta da tabbas a wurinsa, kai kaɗai ne ka ce uku ya ga uku. Yanzu kai ma ka zama kamar kowa." Wannan maganar ta zauna mini. Da ya dawo, sai da muka koma kwanciya a gindin ƙafar tarago, muka sake farowa.

Azumi ya zo ya wuce, aka sa ranar safiyar shiru ta biyu. Wannan karon matan aka fara tarawa, da Hausa, Inna Ladi a gaba. Sani kuwa ya ce ba za su zo ba, Talata ta ishe su. Na same shi a wurin gashi na ce, "Talata aiki ne, Sani. Yaron nan bai taɓa yin Sallah ba." Ya ci gaba da barbaɗa yaji. Ya ce idan aka sake yin da'ira a kan ɗansa, ba zai iya ba. Na ce ba ni da alkawarin da zan yi masa, abin da na sani kawai jirgi zai kasance yadda yaron ya san shi.

Sun zo a makare, wuri ya riga ya cika da iyalai. Inna Ladi ta buɗe musu ƙofa ta koma gefe, ta cusa hannuwanta cikin mayafi. Yasir ya nufo jirgi kai tsaye da allonsa, sai ya ci birki. Wata yarinya ce zaune a tarago na uku, kujerar hagu. Na ɗaura tsumma a wurin tun da safe, ta kwance ta yar. Ita ma irinsa ce, ba dama in ce ta tashi. Yasir ya fara jijjiga gaba da baya, sautin maƙogwaronsa yana hawa. Na ga Sani ya matso, kafaɗunsa sun ɗaga, yana shirin sure shi su gudu.

Ustaza Huda ta durƙusa nesa kaɗan da yaron. Ta nuna masa allon yarinyar, hoto uku, ta nuna nasa. Ni kuma na tashi jirgi. Muna zagayawa ina satar kallonsa. Yana jijjiga, yana gurnani, ya buga kansa da tafin hannu sau biyu, amma idonsa yana kan allon yarinyar duk lokacin da muka wuce. Sani ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman masu kallo. Ba kowa. Wata uwa tana bin nata da ya tuɓe takalmi, wani uba yana zaune a ƙasa kusa da 'yarsa da ta ƙi tashi. Kowa da nasa. Na ga kafaɗun Sani sun sauka.

Yarinyar ta ɓare na uku ta sauka. Yasir ya miƙo mini allo, na manna masa hotunansa. Ya sa ƙafa ɗaya a tarago, sai ya tsaya. Ya juya ya koma ta ƙofar shinge, bai ɗaga kai ba, ya kama gefen rigar ubansa da yatsu biyu, ya ja.

Sani ya dube ni. Na ce a hankali, "Fasinja ya kira ka, malam."

Kun san girman Sani. Ya naɗe kansa cikin tarago na yara, gwiwoyinsa har haɓa, rabin jikinsa a waje. Na tashi jirgi. A zagaye na farko yana zaune a sandare. A na biyu na hango ta madubi ya ja ƙyallen kansa ya rufe fuska, kafaɗarsa tana rawa, yaron kuma a gefensa yana karkaɗa hannuwa, bai saki rigar ba sai in zai ɓare hoto. Muna fitowa daga kogo a na uku, tasha cike da mutane a gabanmu, na ji muryar Sani.

"Baba Habu, don Allah ƙara ɗaya. Kada a gan ni haka."

Wallahi na so in ƙara masa. Shekara guda mutumin nan yana tsaye a bayan shinge. Amma hoto ɗaya ne ya rage a allo. Na rage gudu, na tsaya daidai tasha.

"Uku muka yi alkawari da shi, Sani."

Ya sauka a gaban kowa, fuska jiƙe, yana goge hanci da gefen ƙyalle. Ba wanda ya ce masa komai, sai wani Balarabe mai riƙe da ɗansa da ya miƙo masa tishu bai ko dube shi ba. Yasir ya fita ta ƙofar fita yadda ya saba, ya zagayo ta ƙofar shiga yana jan ubansa, ya tsaya bayan yara biyu, ya jira, ya sake miƙo mini allo. Sau biyar suka hau a safiyar. Ni ma sai da na ari tawul ɗin kujera guda na goge idona.

To ga abin da nake so daga gare ku ran biyu ga Sallah. Ku zo ƙarfe bakwai, ba turare a jikinku. Usur da igiyar ƙararrawa ku ba ni in kulle a akwati. Kada ku taɓa ɗan kowa sai uwarsa ta ce. Idan yaro ya kwanta a ƙasa, ku ba shi wuri, ku kalli injinku. Abin da kuka ce za ku yi, ku yi shi daidai, ba ragi ba ƙari.

Wajen ƙarfe tara za ku ga wani yaro da ya kusa kamo kafaɗata, da wani ƙaton mutum a bayansa. Na san dokar da aka koya muku, akwai sandar awo a bakin ƙofa, wanda ya wuce ta ba ya hawa. Dukansu sun wuce ta. Ku buɗe musu tarago na uku, ku taya uban shigar da ƙafarsa, don gwiwarsa ta fara ciwo.